Kaburbura Shida a Filin Tasha

Ranar Lahadi da hantsi aka kira ni a waya, aka ce in bar abin da nake yi in zo filin sabuwar tasha, katafilar majalisa ta tone kabari.

Shekara goma sha tara ina sakataren majalisar garinmu, Bir Hamda, ban taɓa ganin mutanenmu cikin fushi irin na ranar ba. Maza sun fi arba'in a kusurwar gabas ta filin, bayan wani ɗan tudu. Miflih, direban katafila, yana zaune a ƙasa, jini na zuba daga goshinsa. A gabansa ga tarin duwatsu shida a jere, biyar tsawon manya, ɗaya ƙarami can gefe kamar na yaro. Bakin katafilar ya yaye gefen na farko, har waɗansu ƙasusuwa sun fito. Kafin in iso an naɗe su a ƙyalle an mayar.

Wanda ya fasa wa Miflih kai shi ne Abu Salama, dattijon da ya haura tamanin. Ya ce tun yana yaro ya ji kakansa na cewa akwai danginsu da annoba ta kashe aka binne a wannan gefen, ga su yau an tozarta su. Miflih kuwa rantsuwa yake yi, ranar Alhamis ya zaga filin nan da ƙafarsa bai ga komai ba. Babu wanda ya saurare shi. Wasu ma cewa suke majalisa ta san da kaburburan ta ɓoye.

Ustaz Rakan, ɗan majalisa, shi ya kwantar da tarzomar. Duk cikinmu babu wanda ya kai shi goyon bayan wannan aiki. Amma ranar ya tsaya a gaban jama'a idonsa cike da ƙwalla, ya ce ba za mu gina kasuwa a kan iyayenmu ba, ko da za mu rasa komai. Ya ce Allah bai rage mu da fili ba, ga Mararraba can hanyar gabas. Mutane suka yi na'am da maganarsa. 'Yan sanda suka zagaye wurin da igiya, suka tafi da Miflih, suka ce don tsaron ransa ne.

Shekara uku muka yi muna bin wannan aikin. Tasha ce da kasuwar kayan lambu a kan filin gari. Kafin nan motoci a bakin babban titi suke tsayawa, mai ciwo ya yi awa biyu a rana yana jira, manoman tumatir kuma su sayar wa dillalai a yadda dillalan suka ga dama. Takardar lardi ta ce wakilin gwamna zai zo ranar Alhamis. In ya tarar da rigima a kan filin, aikin ya koma wani gari.

Shugaban majalisa, Abu Firas, ya rufe ƙofar ofishinsa ya ce mini in ɗauki mota in ɗauko Abu Nayif.

*

Sunansa na yanka Awwad. Ya yi shekara talatin yana bin sawu wa masu tsaron iyaka, da ya gaji ya koma kiwon tumakinsa. Na same shi yana gyaran igiyar tanti. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni abu ɗaya, ko an hana mutane komawa wurin. Na ce an sa igiya. Ya ɗauki sandarsa ya shiga mota.

Bai tsallaka igiyar nan da nan ba. Ya jira sai da rana ta karkata bayan la'asar, inuwa ta fara kwanciya cikin kowane sawu. Sannan ya cire takalmansa ya shiga, yana tafiya a hankali kamar mai gudun tashin jariri. Ya tsuguna a nan, ya tsuguna a can. Ya ɗaga dutse ɗaya daga kabari na uku, ya duba ƙarƙashinsa, ya shinshina, ya mayar daidai inda yake. A wurin ƙaramin kabarin ya fi daɗewa.

Da ya fito ya ce an share wurin nan kafin jama'a su zo. An ja tabarma ko buhu a kan ƙasa tun daga kaburburan har bakin kwalta, babu sawu ko ɗaya da ya girmi safiyar yau. Na tambaye shi ko kaburburan na gaskiya ne.

"Kada ka sa in faɗi abin da zan faɗa sau biyu," in ji shi. "Akwai sawun mota a yammacin filin. Mu je."

Sawun bas ne, ƙaramar nan mai ɗaukar mutum ashirin. Ta shigo filin ranar Juma'a da Asabar, ta yi ta zagaye. Tayar baya ta hagu tana da faci, kuma duk garin an san mai ita: Dahham, shugaban direbobi, wanda ya yi wata shida yana zagin sabuwar tasha a shagon shayi saboda za a sa wa motoci layi da lokaci. Zuciyata ta ce mun kama shi.

*

Da safe muka same shi a gareji. Ya ce bai taka filin ba. Abu Nayif ya karɓi gahawa ya kurɓa, ya ce to wanda ya tuƙa motar ba ya kai ƙafa ga birki da kyau, motar ta mutu masa sau goma sha ɗaya, ya kuma take wata bishiyar ƙaya da kowane direba zai kauce mata. Kuma duk lokacin da motar ta tsaya, wani mai ƙiba yana sauka ta ɗaya ƙofar, ya zagayo, ya koma.

Fuskar Dahham ta yi ja. Ya leƙa waje ya tabbatar babu kowa kusa, sannan ya rage murya.

"Abu Nayif, don girman Allah. 'Yata ce. Tana so ta yi jarrabawar tuƙi."

"Kai da ka ce ranar da mace ta riƙe sitiyari a garin nan za ka sayar da motarka?"

"Na faɗa. Ka taɓa yin gardama da 'yar shekara ashirin da biyu?"

Abu Nayif ya yi dariya har ya ajiye kofi. Ya ce sawun ya riga ya gaya masa motar ba ta ɗauki kaya mai nauyi ba, ba ta kuma kusanci kusurwar gabas ba. Ya zo ne kawai ya ji ko sun ga wani abu. Dahham ya ce ranar Juma'a da yamma 'yar tasa ta kusa hawa tudun nan, ya sauka ya duba bayansa, ƙaya ce kawai da farar ƙasa. Bai faɗa ba jiya don kada a tambaye shi abin da ya kai shi.

*

Daga nan sai shagon Ummu Talal, a bakin titi inda motoci ke tsayawa. Ita ce ta rantse a gaban majalisa cewa sai dai a ɗauke tashar a kan gawarta, don duk fasinjan da ya sauka a wurinta yake cin falafil, wato ƙosan ƙasarmu. Ta ga mun shigo ta ce ta san za a zo, gwauruwa ce ai, ita ta fi sauƙin zargi. Ta ajiye mana faranti ta buɗe aljihun tebur ta jefo mini takarda. Takardar rumfa ce a sabuwar tasha, lamba ɗaya, dab da ƙofa, da sa hannun shugaba.

"Ihun da na yi ne ya samo mini ita," ta ce. "Da na yi shiru da bayan banɗaki za ku kai ni. Yanzu kuma in tona wa kaina rami? In aka kai tashar nan Mararraba ni na mutu, don ba filin gari ba ne can, sai abin da mai fili ya yanka."

Abu Nayif ya tambaye ta wane ne mai filin. Ta ce da na magadan wani makiyayi ne, amma bara wani baƙo daga birni ya saye shi, babu wanda ya san fuskarsa.

A mota ya ce in kai shi Mararraba. A hanya ya gaya mini dalili. Duwatsun filin tasha farare ne, na kaburburan kuwa jajaye. Gansakukar da ke fitowa a bayan tsohon dutse tana ƙasa a wasunsu, alamar an kifa su ne kwanan nan. Kuma ƙarƙashin wanda ya ɗaga warin tumaki yake yi. Jan dutse mai warin tumaki, a duk ƙasar nan, wuri ɗaya ya sani: tsohon garken da ke Mararraba, inda ya sha kwana da dabbobinsa yana saurayi.

Bangon garken na kudu ya ragu da rabi. A nan babu wanda ya yi shara, don babu wanda ya zaci za a zo nema har nisan kilomita huɗu. Abu Nayif ya nuna mini da sanda. Mutum biyu masu silifa sun yi ta kai da komo ɗauke da nauyi zuwa bakin kwalta. Ya ce baƙi ne, bai san ƙafafunsu ba, lebura ne aka ɗauko daga nesa. Na ukun yana sanye da takalmin zamani, ya tsaya wuri ɗaya, bai ɗauki ko tsakuwa ba. Ƙafarsa ta hagu tana buɗewa waje, diddigen dama kuma yana ɗan jan ƙasa kafin ya ɗaga.

Ya kifa tsohon kwano a kan sawu biyu ya danne da dutse. Na tambaye shi ko ya san mai ƙafar.

"Na gan ta jiya," ya ce. "Kai kuma ka koma ofis ka duba mini takardun wannan filin. Ba sunan mai shi nake so ba, sunan wanda ya auri 'yar'uwarsa."

Na wuni ranar Talata ina waya da ofishin filaye na lardi. Da na sami amsar, na rubuta ta a takarda na kai wa shugaba.

*

Ranar Laraba da la'asar shugaba ya tara mutane a filin. Ga 'yan majalisa tara, ga liman, ga jami'in 'yan sanda da Miflih a gefensa da bandeji a kai, ga Abu Salama da 'ya'yansa, ga Dahham da Ummu Talal. Jama'ar gari suka tsaya a bayan igiya.

Abu Nayif ya sa aka share wani fili mai faɗin tabarma uku. Ya ce duk wanda aka ambaci sunansa a wannan magana ya taka ya wuce. Miflih ya wuce, Dahham ya wuce, Ummu Talal ta wuce tana mita. Sai ya ce tunda mutane suna zargin majalisa, 'yan majalisa ma su taka, don kada a ce an ware wasu. Shugaba ya fara. Ustaz Rakan ya bi bayansa yana murmushi, sanye da takalmin fata buɗaɗɗe irin na zuwa masallaci.

Daga nan Abu Nayif ya ja liman da ɗan sandan da Abu Salama zuwa ƙaramin kabarin, ta hanyar da ya shata musu da sanda. Ya yi magana da ƙarfi yadda na bayan igiya za su ji.

Ya ce wanda ya yi aikin nan ya share sawunsa na dare, amma sharar ta bar ƙasa lumui, ta riƙe sawun duk wanda ya zo da safe. Mutum arba'in da bakwai suka tsaya a nan ranar Lahadi, cikin fushi da turereniya, kuma kowannensu ya kauce wa kaburburan. Uku sun taka gefen ƙaramin bisa kuskure. Ya nuna su ɗaya bayan ɗaya: yatsu sun nutse, ƙafa ta ja baya da sauri, kamar wanda ya taka garwashi.

"Amma ku dubi wannan," ya ce. "Ya hau gefen da ƙafar dama don ya ɗara jama'a tsawo. Ya daɗe a kai. Ya sauya ƙafa sau biyu. Da zai sauka bai zagaya ba, ya tsallake ta daidai inda kan mamaci zai kasance. Babu ɗan garin nan da zai tsaya a kan kabarin yaro yana jawabi, sai wanda ya san babu yaro a ciki."

Kowa ya tuna wanda ya yi jawabi ranar Lahadi, da inda ya tsaya.

Ustaz Rakan ya ce wannan cin mutunci ne, yana cikin baƙin ciki ne bai lura da inda ya sa ƙafa ba, kuma ba za a ɗaure mutum da tatsuniyar makiyayi ba. Abu Nayif bai yi musu da shi ba. Ya nuna sawun da ya bari yanzun nan a filin da aka share, hagu a buɗe, dama tana jan ƙasa, duk da ya sauya takalmi. Ya ce irin wannan ƙafar tana ƙarƙashin kwano biyu a tsohon garken Mararraba, inda aka kwaso duwatsun, duk mai so ya shiga mota a je a gani. Shugaba ya dube ni. Na karanta abin da na samo: baƙon da ya sayi filin Mararraba bara yayan matar Ustaz Rakan ne.

Abu Salama ya ɗaga murya. Ya ce shi ba takarda yake so ba, so yake ya san ko akwai danginsa a ƙarƙashin duwatsun nan. Abu Nayif ya nemi izinin liman ya buɗe ƙaramin.

"Baffa," ya ce wa dattijon, "in na tarar da mutum a ciki, ka fasa nawa kan da sandar nan, ba zan kai ƙara ba."

Liman ya yi bismilla ya ba da izini. Abu Nayif ya kwashe duwatsun da hannunsa. Ƙarƙashinsu ƙasa ce aka zuba, kaurinta bai kai kamu ɗaya ba. Daga nan sai farar ƙasa mai tauri wadda ba a taɓa sa mata diga ba, har da saiwar ƙaya a raye. Ya koma kabarin farko ya warware ƙyallen, ya miƙa wa Abu Salama ƙashi ɗaya. Dattijon ya yi shekara sittin yana kiwo. Ya juya ƙashin sau ɗaya ya ce haƙarƙarin ɗan raƙumi ne.

Wata irin ajiyar zuciya ta fito daga jama'a, sannan hayaniya ta ɓarke. Ustaz Rakan ya ɗaga hannu yana cewa bai taɓa mamacin kowa ba, duwatsu ne kawai, kuma Mararraba ta fi dacewa da tasha ko ba don shi ba. Ɗan sandan ya ce ya ajiye sauran bayanin sai sun isa ofis, ya kama hannunsa ya kai shi mota kafin 'ya'yan Abu Salama su tsallako igiya.

Dattijon bai ko kalli wajen ba. Ya dogara sandarsa ya je gaban Miflih, ya cire baƙar igiyar da ke riƙe rawaninsa ya ajiye a ƙasa, alamar neman gafara a wurinmu, ya ce ya zubar da jinin wanda bai yi laifi ba, duk abin da Miflih ya yanka zai bayar. Miflih ya sunkuya ya ɗauki igiyar, ya kakkaɓe, ya mayar masa a kai.

"Baffa, ka ba ni hanya kawai," ya ce. "Kwana uku katafilata na tsaye."

*

Da wakilin gwamna ya iso ranar Alhamis, ya tarar da katafila na aiki, mutanen gari kuma sun yi layi suna loda jajayen duwatsun a bas ɗin Dahham don a mayar da su inda aka kwaso. Ya sa hannu a takardar aikin a kan bayan motarsa, bai ko zauna ba. Da yamma majalisa ta zauna, hannu takwas suka tashi don amincewa da aikin, kujera ɗaya babu kowa. Daga baya aka kamo leburan biyu a wata gonar lardi, suka faɗi komai, kotu ta yi aikinta.

A wannan zaman shugaba ya tambayi Abu Nayif abin da gari zai yi masa. Ya ce ba ya son takardar yabo, ba shi da bangon da zai rataye ta. Amma ya ga taswirar aikin, ya ga katangar tasha za ta tsaya a kan hanyar da makiyaya ke bi zuwa kwari. Ya roƙi a bar musu taki goma a bayan katangar, a kuma ja famfo a gina kwamin shayar da dabbobi. Injiniya ya fara bayanin cewa babu wannan a tsarin da lardi ya amince da shi. Shugaba ya ce to yanzu akwai, ya ce mini in rubuta.

Bayan wata goma sha huɗu aka buɗe tashar. Motar farko tana tashi ƙarfe bakwai zuwa asibitin lardi, manyan motoci kuma suna zuwa har daga birni su ɗauki tumatir a farashin da manomi ya faɗa. A bayan katanga akwai kwami mai tsawon taki ashirin. A takardun majalisa sunansa Ƙarin Aiki Na Uku, ni na rubuta da hannuna. Amma ka tambayi kowane makiyayi daga nan har iyaka inda ya shayar da tumakinsa, zai ce maka a wurin Abu Nayif.